Na gama Limbo jiya amma ƙarshen ya tsaya min a rai, wanne zan bi da shi?

Ɗan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Jiya da daddare na gama Limbo a waya, gem ɗin nan baƙi da fari na kamfanin Playdead na Denmak da ya fito tun 2010. Wlh na daɗe ban buga abin da ya shiga raina haka ba, babu mai magana ko ɗaya, yaro ne kawai ya farka a daji idonsa biyu farare suna ƙyalli, ka ja akwati ka taka ka haye, ka tsallake tarko. Wurin gizo-gizon nan sai da na ajiye wayar na numfasa, musamman da ya biyo ni da ƙafa ɗaya tal, dole ka cizge ta ka mirgina gangar jikinsa cikin rami ka taka ka wuce.

To amma ƙarshen fa? Yaron ya iske yarinya a durƙushe, ta ɗago, shikenan sai sunaye suka fara fitowa. Don Allah da gangan suka yi haka ko rasa yadda za su rufe labarin suka yi?

Baban_Ilham:
Wa alaikumussalam. Da gangan ne ƙanina, abin da kamfanin ya faɗa kawai shi ne yaron ya shiga neman 'yar uwarsa, sauran sun bar maka. Ka lura da hoton farko na gem ɗin, akwai tsanin igiya ya ruɓe ga ƙudaje suna yawo a ƙasa, wurin ne dai inda ya iske ta, shi ya sa da yawa suke cewa su biyun duk sun rasu. Ni hakan ya fi min a zauna a yi min bayani. Nemi Inside ɗinsu na 2016, ya fi Limbo tsari nesa ba kusa ba, sai dai babu shi a Android, sai iPhone ko kwamfuta ko PS4 ko Xbox ko Switch.

Sarkin_PES:
Ni gsky ban yarda duka ba. Kyau kam akwai, sautin iska da ƙarar ƙarfe in ka sa iyafis har tsigar jikinka tashi take, amma wasu wuraren ba basira ake gwadawa ba, kashe ka kawai za a yi tukunna sannan ka gane akwai tarko a cikin ciyawa, ka dawo ka haddace. Kuma rabin farko ne mai rai, daji da gizo-gizo da yaran nan masu harbinka da kibiya, da an shiga masana'anta sai injina da zarto da maballin juya sama ta koma ƙasa, labarin ya ɓace ɓat. Ga shi a waya yatsa na zamewa a kan sikirin, ka san amsar sarai amma tsallen ya ƙi. Awa uku zuwa huɗu ka gama, in ka sake bugawa ba sauran mamaki, mutum ya cire kuɗinsa ya saya dole ya ji wannan.

Maman_Nur:
Ɗan Fagge in kisan ya ishe ka gwada Gris, na wasu 'yan Basalona ne, 2018, kuma akwai shi a Android. Ba a mutuwa a cikinsa sam. Yarinya ce muryarta ta ɗauke, duniyarta ta koma toka-toka, kala na dawowa ɗaya bayan ɗaya, ja, kore, shuɗi, rawaya. Akwai inda guguwa ke tasowa a hamada tana kwashe ta sai rigarta ta zama ƙaton dutse mai kusurwa huɗu ta tsaya cak har iskar ta wuce, na buga shi ne watannin da na rasa mahaifiyata, a wurin nan hawaye na yi. Amma Sarkin PES zai ce ya yi sauƙi kuma gaskiyarsa ne, kusan babu inda za ka tsaya kana tunani, wani lokacin ma zanen ya yi kyau har ba ka gane ina ne wurin takawa ina ne ado.

Sarkin_PES:
Allah Ya jiƙan Mama Ya sa ta huta, Hajiya. Ni wanda ya sa ni tunani da gaske Braid ne na Jonathan Blow, 2008. Kana mayar da lokaci baya in ka yi kuskure, amma abubuwa masu ƙyallin kore ba sa komawa, akwai duniyar da in ka yi dama lokaci ya tafi gaba in ka yi hagu ya dawo baya, mukulli ɗaya ya cinye min yamma guda. Rubutun littattafan ciki ne dai ya yi nauyi ko ga mai jin Turanci.

Ɗan_Fagge:
Amin, Allah Ya gafarta mata. Na gode ƙwarai, na koma na duba tsanin da ƙudajen, wlh suna nan ban taɓa lura ba. Gris zan fara tunda Android gare ni. Hajiya yana buƙatar data in ana bugawa ko saukewa kawai?