Neman kalma: allurar da ake yi wa ƙwai idan ya ƙi kama maniyyi

Mai Shirin Lafiya: Salam jama'a. Gobe da safe zan naɗi shiri kan dashen ciki, likitan kuma sai maimaita rescue ICSI yake yi (ICSI ita ce tsira ƙwayar maniyyi ɗaya cikin ƙwai da allura). Me zan ce da Hausa?

Ɗakin Gwaji: Allurar ceto. Amma ki raba ta biyu. Ta wuri: bayan awa 4 zuwa 6 da haɗa ƙwai da maniyyi a faranti, a share ƙwayoyin da ke lulluɓe da ƙwan, a duba ko ɗan ƙullutu na biyu, alamar maniyyi ya shiga, ya fito a gefensa. In bai fito ba, a tsira masa ƙwayar maniyyi ɗaya nan take. Ta latti: sai washegari, bayan an duba a awa 16 zuwa 18 ba a ga da'ira biyu a tsakiyarsa ba, waɗanda su ne shaidar ƙwai ya kama maniyyi. Lokacin ƙwan ya fara tsufa, matsalar ƙwayoyin gado ta ƙaru, ciki bai cika zama ba.

Malam Nahawu: Ceto kalma ce mai nauyi a addini, kada a kai ta faranti. Ni na ce allurar kwantai, tunda ƙwan ya kwana ba a taya ba.

Ungozoma: Haba Malam! Matar da ta sha allurai kusan mako biyu kafin a ciro mata ƙwai, ka ce mata kwantai? Kuma ta wuri ba ta kwana. Allurar ɗauki ta fi.

Malam Nahawu: Hajiya, kwantai Hausa ce tsantsa. Ku 'yan asibiti kun saba jin kunyar harshenku, komai sai an yi masa ado.

Ba Damagare: Tsantsar wa? Kullum Hausar Kano ce ma'auni, mu na Zinder sai dai mu bi.

Ɗakin Gwaji: Mu dawo kan aiki. Ko wacce aka ɗauka, a ce "allurar ƙwai", in ba haka ba mai sauraro zai zaci matar ake yi wa. Ta wuri ma da haɗarinta: in maniyyi ya riga ya shiga ba a lura ba aka ƙara wani, da'ira uku za a gani, wannan ba a dasa shi. Ta latti kuwa gara a daskare ɗan tayin a dasa a wani zagaye, domin mahaifa ta riga shi shiri da kwana ɗaya.

Mai Shirin Lafiya: To, na rubuta allurar ɗauki ga ƙwai, ta wuri da ta washegari. ICSI zan bar ta yadda take, in yi bayani sau ɗaya.

Malam Nahawu: "Ta washegari" ba laifi. Ɗauki dai ban gamsu ba, amma yi shirinki.