Google yana sauya mini taken shafukana, ina gyaran yake?

Baduku:
Assalamu alaikum. Sana'ata dukanci a nan Sakkwato, ina ɗinka jakunkuna da takalma da jar fatar akuya. Bara ƙanena ya buɗe mini shafi a WordPress, manhajar gina shafukan intanet, amma idan na nemi sunan shagona a Google, shafuka huɗu suna fitowa da take iri ɗaya, rubutun da ke ƙasa kuma ya yanke da ɗigo uku, wani lokaci ma sai in ga jimlar da ba ita na sa a gurbin ba. An ba ni shawarar in cika wurin da kalmomin nema masu yawa, wato kalmomin da mutane ke bugawa a Google. Shin hakan daidai ne?

Malamin Kwamfuta, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi wannan shawara, domin tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya duba gurbin kalmomin nema wajen jera shafuka, kuma cusa kalma ɗaya sau biyar a take yana cikin dalilan da ke sa ya ajiye naka ya rubuta nasa. A Agustan 2021 ya sauya tsarin fitar da take, daga baya ya ce kusan kashi 87 cikin ɗari taken mai shafi yake ɗauka. Wanda ya fi taɓawa shi ne mai tsawo ainun, ko wanda aka maimaita a kowane shafi, kamar naka.

Kowane shafi ya samu takensa, haruffa 50 zuwa 60, domin faɗin gurbin ake aunawa. Ka fara da sunan kaya, sunan shago ko na gari ya zo a ƙarshe, misali "Jakar mata ta jar fata, ɗinkin hannu, Sokoto". Bayanin da ke ƙasa ba ya ɗaga shafi sama, aikinsa shi ne ya sa mutum ya latsa. Ka tsaya wajen haruffa 155, amma muhimmin zance ya zo a farko, tunda waya tana yankewa da wuri. Yoast SEO, ƙarin manhaja da ake sa wa WordPress, zai nuna maka yadda zai fito.

Hajiya Mai Turare:
Ina da ƙari kan rubutun sunan gari. Da farko Sakkwato na sa ko'ina, saboda haka muke faɗa, sai da na buɗe Search Console, shafin Google da ke nuna wa mai shafi kalmomin da aka neme shi da su, na ga masu saye daga Abuja da Legas Sokoto suke bugawa, su ma namu ba su cika sa lanƙwasar ƙ da ɗ a waya ba. Yanzu Sokoto yana take, Sakkwato yana cikin bayani. Na kuma rubuta cewa ana aika kaya ta tashar mota, domin tambayar da aka fi yi mini ke nan.

Malamin Kwamfuta:
Gaskiyarki, Hajiya. Sai dai a sani, ko bayanin ya yi kyau, Google yakan tsinko wata jimla daga cikin shafin idan ta fi dacewa da abin da aka nema, don haka a gyara sakin layi na farko ma.

Baduku:
Allah ya saka muku da alheri. Na gyara shafin takalma jiya bayan Isha'i, amma har yanzu tsohon take ne ke fitowa.

Malamin Kwamfuta:
Sai Google ya sake ziyartar shafin tukuna. Ka liƙa adireshin a Search Console ka nemi a sake dubawa, sannan ka ba shi 'yan kwanaki.