Wa ya taɓa kai iyali Lake District na kwana uku? A ba ni labari don Allah

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu ta zo mana daga Kano ganin jariri, wata biyu kenan, kuma tun da ta sauka ba inda ta leƙa sai asibiti da Cheetham Hill sayen nama da kayan miya. Jiya take ce min ita dai Ingilar nan ba ta ga komai cikinta ba sai gidajen jan bulo da ruwan sama, abin ya ɗan sosa min rai wlh. To maigida ya samu hutu, muna so mu kai ta Lake District, yankin nan na tafkuna da duwatsu a arewacin Ingila, kwana uku kafin ta koma. Daga Manchesta za mu tashi, mu biyu da Hajiya da Ilham 'yar shekara uku da jaririn. Hajiya na fama da gwiwa. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min yadda ta kaya, da daɗin da rashin daɗin.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ni kuskurena ranar da na zaɓa ne, mun je a ƙarshen makon hutun banki na ƙarshen Agusta, ashe duk Ingila can ta nufa. Hanyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba daga Manchesta, ka bi M6 ka fita a lamba 36 ka kama A591, sai da muka ci awa uku da wani abu, muka isa Bowness na yi ta zagaye neman wurin fakin kusan minti arba'in yara na kuka a baya madam ta yi shiru irin shirun nan da kun sani. Ku kun ci sa'a tunda Ilham ba ta shiga makaranta ba, ku tafi Litinin zuwa Alhamis lokacin da yara ke aji, kuɗin masauki ma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ɗan Zazzau:
Anti ni a jirgin ƙasa na je da abokai biyu, kuɗin ɗalibi ne ba yawa hhh. Akwai jirgin da ke zuwa Windermere kai tsaye daga Manchesta, in ba ki same shi ba sai ki sauka Oxenholme ki canza, daga nan minti ashirin ne. Abin da ba wanda ya faɗa mana shi ne tashar Windermere ba a bakin tafkin take ba, mun fito muna ta waige-waige ina ruwan, ashe sai an gangara Bowness kusan mil ɗaya da rabi. Akwai bas mai lamba 599 mai buɗaɗɗen sama da ke bi ta Bowness da Ambleside har Grasmere, sai 555 da ke wucewa har Keswick (Kezik suke cewa fa, ni na faɗa yadda aka rubuta direba ya kalle ni). Kusa da tashar akwai wani ɗan tudu Orrest Head, minti ashirin ka hau, daga sama ka ga tafkin a shimfiɗe. Tafkin Windermere ɗin shi ne mafi girma a Ingila, tsawonsa ya haura mil 10.

Anti Bilki:
Ƙanwata ki saurare ni da kyau, sau huɗu na je kuma duk abin da waɗannan mazan ke faɗa miki na hanya ne, ni maganar ciki zan yi miki domin Hajiya ba za ta ci biredi da cuku kwana uku ba, ke ma kin sani.

Kar ki kama otal. Ki kama gida mai kicin, irin ƙananan gidajen dutsen nan da suke bayarwa haya, yawanci kwana uku ne mafi ƙaranci. Ki yi miyarki tun daga gida ki daskarar, ki soya kaza, ki ɗauki garin tuwo da kuka da daddawa da yaji da shinkafa ki zuba a kula. Naman halal ki saya a Manchesta ko ki tsaya Preston a hanya, don da kin shige ƙauyukan nan shi kenan. Zuwanmu na farko ban yi haka ba, muka dogara da kifi da dankali, sai a dare na biyu na tambayi yarinyar da ke sayarwa ta ce min ƙullun da suke tsoma kifin da giya ake kwaɓa shi, kuma a mai ɗaya suke soya tsiran alade. Ranar shayi da biskit muka kwana da shi. Ba duka shaguna ke haka ba, amma ki tambaya kafin ki biya, ba sa jin haushi. Abin da suke kira Cumberland sausage alade ne zalla, shi kuma man shanun nan mai zaƙi da ake sayarwa a ƙananan kwalabe na tsaraba, rum butter, giya ce a ciki. Biskit ɗin citta na Grasmere kam ki saya wa Hajiya, tun 1854 ake yin sa a wani ɗan shago da bai kai ɗakin girkina ba, za ta so shi da shayi.

Sai karnuka. Wayyo karnuka. Mutanen nan da karensu suke zuwa hutu, a jirgin ruwa kare, a shagon shayi kare, kuma gidajen haya da yawa suna karɓarsu. Wani gida da muka kama gashin kare ne ko'ina a kafet da kujera, sai da na yi shara sau biyu kafin na iya shimfiɗa sallaya. In za ki kama gida ki zaɓi wanda aka rubuta ba a shiga da dabba. Ki kuma tambaya ko akwai ɗaki da banɗaki a ƙasa, matakalar tsofaffin gidajen nan a miƙe take ga ƙunci, gwiwar Hajiya ba za ta ɗauka ba. Buta kuma kar ki manta.

Baban Yasmin:
Duk abin da Anti Bilki ta faɗa haka yake. Nawa ƙarin a kan tuƙi ne, ki gaya wa maigidan kar ya bi taswirar waya ido rufe. Ni ta kai ni Hardknott Pass wai gajeriyar hanya, hanya ce mai faɗin mota ɗaya ga kwana kamar an naɗe igiya, hawanta a wasu wurare kashi 30 cikin 100 ne, na riƙe sitiyari ina ta Hasbunallahu surukata a baya ta fara kalmar shahada da ƙarfi, ga tumaki kwance a tsakiyar titi ko a jikinsu, ga ba sabis a waya. Ku tsaya kan A591 ta ishe ku.

Ummu Khalil:
Ni fa zan ɗan saɓa muku. Da tsohuwa mai gwiwa da jariri me zai kai ku wurin duwatsu? Mu Cotswolds muka kai Baba, Bourton-on-the-Water, ƙasa a shimfiɗe, ɗan rafi ya ratsa gari da ƙananan gadoji, ya zauna a benci yana kallon agwagi ya ji daɗinsa. Sai dai daga Manchesta ya yi muku nisa, wannan na yarda.

Anti Bilki:
Ummu Khalil ai ba dole sai an hau dutse ba. Jirgin ruwa daga Bowness zuwa Ambleside rabin awa ne, Hajiya na zaune a ciki cikin ɗumi duwatsun na wucewa ta taga. Akwai kuma Tarn Hows kusa da Coniston, hanyar da ta zagaye ruwan ba ta kai mil biyu ba kuma ana tura keken jariri a kai, in ta gaji ta zauna ku ku ƙarasa. Dutsen Scafell Pike mai mita 978 a bar wa su Ɗan Zazzau.

Malam Habu:
Maganar ruwan sama ba wanda ya taɓo ta sosai. Hajiya da ke ƙorafin ruwan Manchesta, to can ne gidansa, akwai wani ƙauye Seathwaite a kwarin Borrowdale da ake cewa ya fi ko'ina da mutane ke zaune a Ingila samun ruwa, sama da milimita 3,000 a shekara. Mu a kwana ukunmu wuni ɗaya rak muka ga rana, kuma da ta fito wlh sai da na yi tasbihi, kore ko'ina har ido ya gaji. Lema ba ta aiki saboda iska, rigar ruwa mai hula za ku saya wa kowa da takalmi rufaffe, Hajiya ta sa safa biyu. Ku duba lokutan salla kafin ku tsara wuni, a watan Yuni magariba sai wajen goma saura na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Masallaci kuma ni sai da na dawo Lancaster na samu jam'i, don haka in da hali kar Juma'a ta riske ku a can. Mun yi la'asar a gefen tafkin Derwentwater kan ciyawa, wani dattijo Bature ya ja karensa gefe ya jira har muka sallame sannan ya wuce.

Maman Ilham:
Kai Allah ya saka muku da alheri, Anti Bilki na rubuta komai har butar. Mun tsayar da Litinin zuwa Alhamis, mun ga wani gida kusa da Ambleside mai ɗaki a ƙasa kuma ba a shiga da kare, maigida zai kira su gobe. Na karanta wa Hajiya duka, ta yi dariyar labarin Baban Yasmin har da hawaye, amma ita abin da ya tsaya mata tumakin ne, wai na waye ake barinsu haka a daji ba makiyayi kuma ba a sacewa?

Ɗan Zazzau:
Ki ce wa Hajiya suna da masu su, kowane manomi da kalar fentin da yake shafa wa nasa a gadon baya. Herdwick ake kiran irin, baƙaƙe ake haifarsu sai su koma ruwan toka da farar fuska in sun girma, kuma kowace ta san yankin dutsen da uwarta ta yi kiwo ba ta wuce shi. Ki dai riƙe ta kar ta fara taya ɗaya na layya.