Ƙofar falo: 'yar Turkiyya ko 'yar China?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa, ina gyaran gida a Kano, an gama filasta saura ƙofar falo, tsohuwar ta katako gara ta cinye gindinta. Ina zan samu ta zamani mai ƙwari?

Sani Waldà: Shiga Ƙofar Ruwa, 'yan Turkiyya da 'yan China duk akwai, amma ka ƙwanƙwasa da hannunka, in ta yi ƙara kamar gwangwani barta kawai.

Maman Abba: Yaya ka fara auna gurbin, mu mai ƙafa 4 muka siyo ashe ƙafa 3 ne, sai da magini ya fasa bango wallahi.

Baban Ummi: To bari in nemo tef, Asabar zan leƙa.