A taimaka: dokokin iptables suna ɓacewa duk sanda kwamfuta ta mutu

Auwalu_Jahun ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure, da fatan an wuni lafiya ya damina. Ina da ɗan shago a wani ƙauye gefen Jahun, cajin waya da fotokwafi da POS, sai kuma na ƙara da sayar da wifi ga matasa da malaman firamare masu zuwa duba saƙonni da yamma. Tsohuwar kwamfutar tebur ce na sa mata Ubuntu 22.04 take min aikin rauta wato raba intanet, modem ɗin 4G yana jikinta ta USB, sunansa wannan mai tsawon da ya fara da enx, kebul kuma ya fita ta enp2s0 zuwa abin raba wifi da na ɗaure a saman kwano.

To matsalar ita ce yanzu da hadari ya yi yawa sola ba ta cika batir, kafin asuba inbata ta mutu kwamfuta ta bi ta, da safe in na kunna sai waya ta kama wifi lafiya lau amma ba abin da yake buɗewa, alhali ita kwamfutar da kanta tana shiga intanet har ping tana yi. Sai na sake buga echo 1 ɗin nan na ip_forward mai barin intanet ya ratsa ta kwamfutar, da layin MASQUERADE na iptables (umarnin rubuta dokokin fayawol) mai sa wayoyi su fita da adireshin kwamfutar, sannan ya dawo, wani lokacin ma ko na buga ba ya dawowa sai na kashe ufw, manhajar saita fayawol ta Ubuntu. Wani abokina a Dutse ya ce in rubuta /etc/nftables.conf na rubuta, amma in na buga iptables -L ba na ganin ko ɗaya daga abin da na rubuta ɗin. Wallahi kaina ya ɗaure, ga shi ranar da ba na nan yaron shago ba zai iya ba sai dai ya mayar wa mutane kuɗinsu. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Injiniya_Rano ya rubuta:

Wa alaikumus salam Auwalu ƙanena. Abu biyu ne suka haɗe maka kuma duk masu sauƙi ne in sha Allah.

Na farko, duk dokar da ka buga da hannu, ta iptables ce ko ta nft ko wancan echo 1 ɗin, a cikin kanel, zuciyar Linux, take zama wato a ƙwaƙwalwar da take gogewa da zarar wuta ta ɗauke, ba a faifai ba. Ba lalacewa kwamfutarka ta yi ba, haka Linux yake tun asali. Na ip_forward ɗin ka buɗe sabon fayil /etc/sysctl.d/99-rauta.conf ka rubuta net.ipv4.ip_forward=1 a ciki ka buga sysctl --system, shikenan an gama da wannan har abada.

Na biyun shi ne wanda nake so ka natsu ka gane, don shi yake wahalar da mutane da yawa har waɗanda suka daɗe a harkar. Fayawol ɗin da ke cikin kanel guda ɗaya ne, sunansa netfilter, Rusty Russell ne ya faro shi a 1998, iptables ya zo da kanel 2.4 a 2001, nftables kuma ya shigo a kanel 3.13 a 2014 don ya gaje shi. Shi ufw ba wani fayawol ba ne daban, ɗan aike ne kawai mai rubuta maka dokoki. Kuma iptables ɗin da ke Ubuntu 22.04 ɗinka ma ba tsohon ba ne, buga iptables -V za ka ga an rubuta nf_tables a ƙarshe, ma'ana kana ba shi umarni da tsohon salo yana zubawa a cikin nftables, Debian ma haka suka koma tun Debian 10 a 2019. To kai yanzu hannu uku ne suke rubutu a wuri ɗaya, kai da ufw da fayil ɗin abokinka, kuma iptables -L teburansa kawai yake nuna maka shi ya sa ba ka ganin naka. Wanda zai nuna maka duk abin da ke ciki shi ne nft list ruleset, shi za ka riƙa dubawa.

Sannan a nftables in wani tebur ya ce accept ba a gama ba, fakitin bayanan sai ya bi ta sauran teburan da ke tsaye a wannan gaɓar, amma drop ɗaya ya isa ya kashe shi. Kamar shingayen hanyar Kano ne, na farko ya ɗaga maka hannu ka wuce bai hana na gaba ya tsayar da kai ba. Shi ufw yana zuwa ne da DEFAULT_FORWARD_POLICY="DROP" a /etc/default/ufw, wato ba ya barin komai ya ratsa ta kwamfutar daga wannan ƙofa zuwa waccan, kai kuma duk sana'arka ratsawar ce. Shi ya sa in ka kashe shi abu yake tafiya.

Shawarata ka zaɓi guda ɗaya ka sallami sauran. Ni da ni ne ufw disable zan yi, in bar /etc/nftables.conf shi kaɗai, ga abin da zan sa a ƙasan layin flush ruleset:

table inet shago {
  chain forward {
    type filter hook forward priority 0; policy drop;
    ct state established,related accept
    iifname "enp2s0" oifname "enx*" accept
  }
  chain postrouting {
    type nat hook postrouting priority 100;
    oifname "enx*" masquerade
  }
}

Lura iifname da oifname na sa ba iif da oif ba, da gangan ne. Su iif da oif sai ƙofar tana nan a lokacin da ake loda fayil ɗin, modem na USB kuwa yakan yi nawa kafin ya tashi, in bai tashi ba duk fayil ɗin ne zai ƙi shiga ba layin kaɗai ba. Kafin ka loda ka gwada da nft -c -f /etc/nftables.conf in bai yi ƙorafi ba ka buga systemctl enable --now nftables, sai ka kashe kwamfutar da kanka ka kunna ka gani tun kwastoma bai zo ba.

Dan_Maigatari ya rubuta:

Slm. Gaisuwa Injiniya, bayani ya yi wlh. Amma ni Auwalu tambayata me ya sa sai kwamfutar tebur? ita ce fa take shanye maka batir cikin dare. Ka shiga Kano ka nemi ƙaramar rauta mai ɗaukar OpenWrt, Linux ɗin rauta, kuma mai ramin USB, wutar da take ci ba ta kai rabin rabin na tebur ba, dokokinta a ajiye suke ko sau nawa ta mutu ta tashi da su, kuma tun 22.03 ita ma nftables ɗin take amfani da shi a ƙasa sai dai kai a burauza kake latsawa. Nawa shagon haka yake ranar Alhamis da kasuwa ta cika ma ba na taɓa ta.

Auwalu_Jahun ya rubuta:

Yaya Injiniya Allah ya saka da alheri ya ji ƙan mahaifa, na bi yadda kuka ce na zare wuta da kaina na mayar, waya ta shiga intanet ban taɓa komai ba. Da na buga nft list ruleset kafin in kashe ufw abin da ya zubo ya fi allo uku duk nasa ne, ga policy drop ɗin nan a FORWARD ƙuru-ƙuru.

Ɗan Maigatari maganarka gaskiya ce sai dai kuɗin ne babu yanzu duk sun tafi taki, kuma ita kwamfutar da ita nake buga takardu da rana, sai bayan kaka in Allah ya kai mu.

Yaya ina da ƙarin tambaya in ban takura muku ba. Ina da modem na biyu da layin wani kamfanin daban, ina so POS ya riƙa bi ta nan shi kaɗai, don da yamma in samari suka cika suna kallon bidiyo sai cire kuɗi ya riƙa tsayawa, mutum ya taho daga ruga da nisa yana tsaye yana jira ba daɗi. Na soka shi amma komai ta na farko yake bi.

Injiniya_Rano ya rubuta:

Ba takura Auwalu. Wannan kuma ya bar hannun fayawol ya koma zaɓen hanya. Fayawol yana cewa ne wuce ko kar ka wuce, wanda yake cewa bi ta nan teburin hanya ne. Buga ip rule za ka ga layi uku, 0 local sai 32766 main sai 32767 default, duk abin da ka sani a main yake, kuma ko da default biyu ne a ciki mai ƙaramin metric ake bi, ɗayan yana zaune kawai. Abin da za ka yi shi ne ka buɗe wa POS nasa teburin.

Amma kafin nan duba adireshin modem ɗin biyu, da yawansu da 192.168.8.1 suke zuwa, in duk iri ɗaya ne ka shiga shafin na biyun ka mayar da shi 192.168.9.1 in ba haka ba ba abin da zai daidaita. Sannan ka ɗaure wa POS adireshi ɗaya a dnsmasq, manhajar da take raba wa wayoyi adireshi, da dhcp-host, mu ce 192.168.50.10, ka canja lambar ta dace da naka. Sai:

ip route add default via 192.168.9.1 table 100
ip rule add from 192.168.50.10 lookup 100 priority 1000

Ba sai ka taɓa nftables ba tunda enx* ya kama duka biyun. Ka gwada da ip route get 8.8.8.8 from 192.168.50.10 iif enp2s0 zai faɗa maka ƙofar da zai fita, ka kuma duba sysctl net.ipv4.conf.all.rp_filter ya zama 2, don 1 yana da tsanani a kwamfuta mai layi biyu. Waɗannan layuka biyun su ma a ƙwaƙwalwa suke za su goge, in ya yi aiki ka mayar da su cikin fayil ɗin netplan inda Ubuntu ke ajiye saitin intanet, akwai routes mai table da routing-policy don wannan aikin.

Hauwa_BUK ta rubuta:

Sannunku. Yallaɓai Injiniya a yi min afuwa in ɗan ƙara, akwai inda ban gamsu ba. Kun sa ya kashe ufw amma fayil ɗin da kuka ba shi babu chain na input ko ɗaya, kenan yanzu duk yaron da ya sayi wifi na awa ɗaya zai iya ƙwanƙwasa ssh ɗin kwamfutar, ƙofar shiga daga nesa, da duk wata ƙofa da take buɗe, a kwamfutar da ake ajiye takardun mutane da hotunan katin shaidarsu. Malam Auwalu ka ƙara chain mai hook input da policy drop, ka bar lo, ka bar ct state established,related, daga enp2s0 ka buɗe udp 67 na DHCP da 53 na DNS udp da tcp, ssh kuma daga adireshinka kai kaɗai. Ka yi shi kana zaune gaban kwamfutar kar ka yi daga waya ka kulle kanka a waje.

Sai DNS na POS ɗin, wato mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi, in kwamfutar ce take amsa masa to tambayar ta layin farko take fita, ranar da layin farko ya faɗi POS zai tsaya duk da nasa layin yana da rai. A dnsmasq za ka iya yi masa tag ka ba shi 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 kai tsaye sai tambayar ta bi tebur 100 ita ma.

Injiniya_Rano ya rubuta:

Malama Hauwa ta yi daidai a duka biyun, Auwalu ka ɗauka. Ka ƙara da icmp a input ɗin don ping ya ci gaba da yi maka amfani. Kuma tunda wifi ɗaya POS yake hawa da samarin nan, ko layi ya rabu iskar ɗaya ce, in abin raba wifi ɗinka yana iya fitar da suna na biyu mai fasawod daban ka ba POS shi.

Auwalu_Jahun ya rubuta:

Na gode Yaya, na gode Malama Hauwa. ip route get ya nuna 192.168.9.1 kuma ɗazu bayan la'asar shago a cike aka cire kuɗi bai tsaya ba. Input ɗin zan yi shi da daddare in an watse. Netplan ne yake min ƙorafin indentation a layin routing-policy, zan ɗauki hoton fayil ɗin in turo ku duba min inda tazarar ta kauce.