Gindin kariyata ya yi laushi bayan saukar damina

Hajiya Rabi, Mai Wurno (Sudan):
Assalamu alaikum. Na dasa kariya a tsakar gida saboda jan furenta da kuma jure farin da take yi, amma tun da damina ta kankama ganyenta ya koma rawaya, gindin kuma yana lotsawa idan na danna shi da yatsa. Ko akwai abin da zan yi kafin ta mutu?

Malam Isa, Wad Madani:
Wa alaikumussalam, Hajiya. Ruwa ne ya yi mata yawa. Kariya tana ajiye ruwa a kumburarren gindinta, baƙar ƙasar lakar da muke da ita a gaɓar kogin Nilu kuwa tana riƙe danshi har saiwa ta ruɓe. Ki tone ta, ki yanke duk inda ya yi baƙi da wuƙa mai tsabta har sai kin isa farin nama, ki ajiye ta a inuwa yankan ya bushe, sannan ki dasa ta a tukunya mai huji da aka cika da rairayi da tsakuwa. Kada ki ƙara ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau.

Inna Hauwa, Sinnar:
Gaskiya ne, Malam. Sai dai, ƙanwata, ki rufe hannunki lokacin yankan, domin ruwan jikinta dafi ne, kuma ki nisanta ta daga yara da awaki. Idan ta kama, ki kai ta inda rana ke bugawa sosai, don a inuwa ba ta yin fure yadda ya kamata.