AUXTIN yana nuna 127: wace lamba ce ta gaskiya?

Abban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Na sa Ubuntu a kwamfutar shago, na girka lm-sensors, manhajar duba zafin kwamfuta, na buga sudo sensors-detect na bi tambayoyinsa har ƙarshe. Da na buga sensors sai coretemp, mai awon zafin firosesa, ya ce digiri 48, amma can ƙasa wani layin awo mai suna AUXTIN0 yana nuna digiri 127. Fanka na juyawa lafiya, akwatin ko ɗumi bai yi ba. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya taimaka.

Malam Sani Zariya: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, da gaske ne 127 da tuni ka ji ƙauri. Nawa allon (motherboard) ma haka yake, guntun (chip) awo na kamfanin Nuvoton ne a kansa, direbansa nct6775. Guntun yana da ƙofofin awo da yawa, amma masu ƙera allo ba duka suke jona wa ma'aunin zafi ba. Wadda aka bari fayau ita ce ke ba da lambar banza, wani lokaci 127, wani lokaci ma ƙasa da sifili. Ni fayil na buɗe a /etc/sensors.d/, na sa layin chip da sunan guntun, ƙarƙashinsa ignore temp3, wato AUXTIN0 ɗin, na huta da ganinta. SYSTIN (zafin allo) da CPUTIN (zafin wajen firosesa) ka riƙa kallo.

Maman Iman: Ni firosesar AMD Ryzen 7 1800X gare ni. Lambar da yake nunawa a layin Tctl ta fi ainihin zafin da digiri 20, da gangan AMD suka ƙara don fanka ta tashi da wuri. Idan k10temp, direban awon zafin AMD, ya ba ka layi biyu, Tctl da Tdie, Tdie ne naka.

Ɗan Maraɗi: Ku dai kun samu lambobi kuna zaɓa. Nawa guntun ITE ne, sensors-detect ya gan shi amma direban it87 ya ƙi hawa. A dmesg, inda ake ganin saƙonnin kernel (zuciyar Linux), na ga dalili: ACPI, wato ɓangaren firmware (manhajar cikin allon kansa), ya riga ya riƙe wurin. Sai da na ƙara acpi_enforce_resources=lax a GRUB, manhajar da ke tada Linux, kafin fankoki da zafin allo suka bayyana. Amma fa ban ce kowa ya yi ba. Kernel ba don mugunta ya hana ba, gudu yake kada direba da firmware su taɓa guntu ɗaya a lokaci ɗaya. A kwamfutar wasa na yarda, a wadda ake cin abinci da ita a'a.

Oga Bello mai gyara: Abban Hanifa, ga yadda muke tantancewa a shago. Buɗe taga ɗaya ka sa watch -n 2 sensors, a ɗaya kuma ka ɗora wa firosesa aiki da manhajar stress. Lambar da ta hau da aiki, ta sauko da aka daina, ita ce mai rai. Wadda ta kafe ba motsi, share ta.

Sannan a tuna inda muke. A nan Sakkwato cikin Afrilu ɗakin da ba AC yana kaiwa 40, to kada wani ya ga 55 a zaune ya ɗaga hankali don Bature ya ce tasa tana 30. Yawancin waɗanda ake kawo mini bayan hunturu ƙura ce ta toshe haƙarƙarin heatsink, ƙarfen da ke janye zafin firosesa, ko man da ke tsakaninsa da firosesa ya bushe ya zama kamar alli. A busa, a canza mai, lamba ta sauko.

Malam Sani Zariya: Gaskiya ne Oga. Wanda kuma zai taɓa pwmconfig, mai saita gudun fanka, ya sani yana tsayar da fankoki na ɗan lokaci yayin gwaji, kada ya yi shi ana tsaka da aiki mai nauyi.

Abban Hanifa: Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin Oga Bello: coretemp ya hau 71 ya dawo, AUXTIN0 ko gezau. Malam, sunan guntun a layin chip, yadda sensors ya rubuta shi zan kwafa ko da tauraro a ƙarshe?